Ilu Mai Agajin Ko-a-ina

Duk wanda ya taɓa shan shayi a teburin Ɗantala, can bakin tashar Gumel, ya san Ilu. Ko bai riƙe fuskarsa ba, ya riƙe muryarsa. Mutum ne da Allah ya hore wa baki, sai ya ɗan rage masa a wajen hannu. Ya taɓa zama a Kano yana sayar da rake a ƙofar wani gareji, to daga nan fa ya dawo gida da sifana a aljihu da baƙin mai a gaban riga. Masu sa ido sun ce da gangan yake shafa man kafin ya fito.

"Ni da kunne nake gyara," in ji shi wata safiya, yana tsoma burodi a kofi. "Mota ta yi tari daga nesa, in faɗa maka ciwonta."

Ɗantala ya ɗaga ludayi. "To wannan da ke kuka yanzu fa?"

Ilu ya karkata kai, ya lumshe ido. "Fijo ce. Fuloginta ya mutu."

"Injin markaɗen gidan liman ne."

"Shi ma fulogin ne," in ji Ilu, ko ƙifta ido bai yi ba.

A wannan zaman ya sanar da babban shirinsa. Ya ce ya gaji da ganin bayin Allah zaune a gindin motocinsu a daji suna kallon rana, don haka ya buɗe kamfani, Agajin Ko-a-ina. Kafin mutane su gama dariya ya samo jan fenti ya bi hanya. Babu kwalbatin da ya tsira daga Gumel zuwa Maigatari. Ya rubuta lambar wayarsa a jikin kuka a hanyar Gagarawa, ya rubuta a katangar mahauta a Sule Tankarkar, a Ɗanzomo kuwa har a cinyar wani jaki da ya samu yana barci a tsaye, wai talla mai yawo ta fi ta zaune.

Alhaji Abdulbaƙi, shugaban direbobin tashar, ya saurare shi har ya gaji. Akwai wata rumfa a bakin ƙofar tasha da kowa ke haɗiyar yawu a kanta, Ilu kuma ya dame shi da maganarta safe da yamma.

"Ilu, gani ya kori ji," in ji Alhaji. "Ran Alhamis ina kasuwar Maigatari. Duk wanda ya jawo min matacciyar mota har bakin kara, wato kasuwar shanu, a kan idona, rumfar nan tasa ce."

"Ranka ya daɗe, ɗaya kawai?"

"Ɗayar dai."

Abin da ya rage wa kamfanin ɗan ƙarami ne: ba shi da mota. Sai Ilu ya nufi gidan yayarsa Rabi, wadda duk unguwa ke kira Adda. Da mijinta ya rasu ya bar mata abu biyu, wata tsohuwar a-kori-kura da wani jibgegen sa da ya sha huɗa a gonarsu. Da ta daina noma sai ta ɗaure san tana kiwo. Dusa da kanwa ba sa yankewa, har wanka take masa da sabulu. Shi ya sa unguwa ta sa masa suna Ɗan Adda, Ilu kuma ya zama kawun sa, sunan da ya fi tsana a duniya.

Adda ta dube shi tun daga hula har silifa. Ta san ƙaninta, ita ta goya shi.

"Dama ina neman mai kai min yaron nan kasuwa," ta ce. "Ni zan riga ku da sassafe in kama dillali. Ka kai min shi kara kafin azahar, kafin masu tirelolin kudu su gama lodi. Ba tsayawa, ba waiwaye. In ka kai shi lafiya, makullin motar nan ya zama naka. In kuwa ka yi halin naka, Ilu, ko a madubinta ba za ka ƙara gyara hula ba."

"Adda, kin manta da wa kike magana."

"Don ban manta ba ne nake faɗa."

Ilu ya fito yana taku ɗai-ɗai. Ran Alhamis zai samu mota, ya samu rumfa, duk a tafiya ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun Laraba ya fara shiri. Ya tara safaya taya iri-iri, har da ta babur da ta tarakta, don ba a san wa za a tarar ba. Ya ɗora jak, da mataccen batir da ya ce hutawa yake, da jarkokin ruwa, da igiyar guga da ya kwance daga rijiyar maƙwabta, da wani tsohon inji sukutum wanda sai da ƙarti suka taya shi ɗagawa. Motar ta durƙusa ta baya tun kafin san ya hau.

Sai kuma ganye. Kowa ya san in mota ta mutu a hanya, ganye ake karyowa a jera a titi gaba da baya, don na tafe su rage gudu. Ilu ya ce direban banza ne ke jira sai ya lalace sannan ya faɗa daji neman ganye, shi da nasa zai riƙa tafiya. Kuma ba na dogon-yaro ba, wannan na talakawan direbobi ne. Ya shiga rumbun Adda ya kwaso ɗanyar harawar wake shar da ita, dami-dami, ya jibge a bayan mota daidai inda hancin Ɗan Adda zai kasance.

Da safe ya ɗora san a mota, ya tsaya gaban teburin shayi don a gan shi. Ɗantala ya zagaya motar yana girgiza kai.

"Kawun sa, duk na ga kaya. Ka sha mai kuwa?"

Ilu ya nuna masa allura. "Kana da ido? Rabin tanki."

Allurar nan a rabi take tun mijin Adda na da rai. Amma Ɗantala bai sani ba, Ilu kuwa ko ya sani ba zai bari allura ta ji kunya a gaban jama'a ba.

Suka ɗau hanyar Maigatari. Ranar kasuwa ce, titi cike da motoci da babura da amalanke. Ilu ya fito da gwiwar hannu ta taga yana baza ido ko zai ga mai lalura. A baya kuwa Ɗan Adda ya ga abin da bai taɓa gani ba, harawa har wuya ba mai tsawatarwa. Ya sa baki. Ya fizgo dami, ya girgiza kai, rabi ya shiga ciki, rabi ya faɗa titi. Ya sake fizgowa. Haka ya riƙa jera ganye a kwalta, tsaf kamar an sa shi aiki.

Direbobin da ke baya suka ga ganye, suka taka burki. Na bayansu ma suka taka. Kowa na leƙe ta taga yana neman inda abin ya faru, ana ta "Allah ya kiyaye", babu wanda ya ga komai.

Can Ilu ya kalli madubi. Ganye a titi, iya ganinsa!

"Innalillahi! Yaya aka yi na wuce mai lalura ban gani ba?"

Maganar Adda ta ɗan gifta masa, ba tsayawa, ba waiwaye. Amma ya ce ai wannan ba tsayawa ba ce, juyawa ce. Ya murɗa sitiyari ya koma yana bin ganyen, Ɗan Adda kuma ya ci gaba da jera sabo a ɗaya hannun.

Bai yi nisa ba ya tarar da wata 'yar ƙaramar mota fara fes a gefen titi, ƙofa a buɗe, ba kowa ciki. Ta Malam Jethro ce, malamin gona a Gumel, mutumin kirki wanda ko akuya ya gani kwance a hanya sai ya tsaya ya tambayi mai ita. Shi ma ganyen ya gani, ya sauka ya gangara cikin geza yana duba ko wata mota ce ta faɗa rami. Kafin ya hauro, Ilu ya buɗe bonet ya shige har kafaɗa.

"Sannu, maigida," in ji Malam Jethro. "Lafiya?"

"Kwantar da hankalinka, Oga, ka faɗo hannun ƙwararru. Tun yaushe ta mutu?"

"Wa ya mutu?"

"Motar."

"Lafiyarta ƙalau. Jiya aka yi mata juyen mai."

Ilu ya yi murmushin tausayi. "Haka kowa ke cewa. To wa ya sa ganye?"

"Ni ma shi nake nema!"

"Ka gani? Har ka manta ka sa. Firgita ce, tana yi wa mutum haka." Ya miƙo masa hularsa cike da fulogai da kusoshi da wata 'yar roba. "Riƙe min nan."

Malam Jethro ya kalli hular, ya kalli cikin motarsa. Ya shiga da sauri ya murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba.

"Na faɗa maka," in ji Ilu. "Da kunne nake aiki. Ka ji shirun nan? Mummunan shiru ne."

"Mayar min da kayana yadda ka same su!"

Ilu ya gwada, a gaskiya ya gwada. Sai dai duk abin da ya mayar, sai wani ya rage a hula. Daga ƙarshe ya ce irin wannan ciwo ba a yi masa magani a daji, sai an ja ta zuwa Maigatari. A ransa kuwa farin ciki kamar ya taka rawa: ga matacciyar mota ta samu, ba a tambayar wanda ya kashe ta.

Ya ɗaura igiyar guga a bambar motar, ya juya a-kori-kura, ya ba ta wuta. Ya yi tafiya mai ɗan dama yana waƙa kafin ya lura mutane na nuna bayansa suna dariya. Bambar kaɗai yake ja, tana ƙara a kwalta. Malam Jethro na can inda aka bar shi, zaune riƙe da sitiyari.

Ilu ya dawo da baya. "Gwaji ne. Sai an fara da ƙaramin abu."

"Maigida, ina da taro da manoman riɗi."

"Za ka isa kafin su gama gaisawa."

Wannan karon Malam Jethro da kansa ya durƙusa ya ɗaura igiyar a ƙarfen ƙasa. Suka tafi a hankali, janwen Ilu a gaba da sa a tsaye yana tauna, farar mota a baya ba bamba. Har sun fara hango dogayen ƙarafan waya na Maigatari, sai a-kori-kura ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta sake tari, ta yi shiru.

Malam Jethro ya fito. "Ko mai ne ya ƙare? Akwai a tankina, mu zuƙo."

"Oga, kai gona ka karanta. Dubi allura."

"Allura kan lalace."

"Ta wasu."

Ya shimfiɗa tabarma a gefen titi ya fara kwance tasa motar. Da ya rasa inda zai zuba kusoshi, sai ya juye su kan na cikin hula. Yanzu kayan cikin mota biyu sun gauraye wuri ɗaya kamar gero da dawa a hannun yaro.

Wata babbar mota mai lambar Nijar ta rage gudu, direban ya leƙo, Badamagare ne da rawani. "Wai, 'yan'uwa, ba isansi ba ne ya ƙare muku? Ga jarka, in zuba muku."

"Muna da mai har na sadaka," in ji Ilu daga cikin bonet. "Allah ya kiyaye hanya."

Malam Jethro ya bi motar da kallo har ta ɓace, kamar mai rakiyar ɗan'uwa. Rana ta take tsaka. Ya share gumi, sai idonsa ya faɗa kan kwalbatin da ke gabansu, an rubuta da jan fenti: AGAJIN KO-A-INA, KIRA MU YANZU. Ya ce Allah na gode. Ya koma gefe ya danna lambar.

Aljihun Ilu ya ɗauki kiɗa.

Ilu ya goge hannu a riga, ya juya baya, ya gyara murya. "Agajin Ko-a-ina, barka da rana. Kuna ina?"

Malam Jethro ya sauke wayar daga kunne a hankali. "Ina bayanka."

"To kada ka motsa daga nan," in ji Ilu cikin wayar. "Ma'aikacinmu ya riga ya iso."

Malam Jethro ya je ya shiga motarsa ya zauna, ya ɗora goshi a kan sitiyari. Mutum ne mai haƙuri, amma ranar ya gane haƙuri ma yana da tanki.

Ilu ya tuna ya kamata a sa ganye, tunda yanzu lalacewar ta gaske ce. Ya leƙa baya, ko tsinke babu. Ɗan Adda ya dube shi yana lasar hanci. A nan ne hankalinsa ya fara tashi, don inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa, azahar ta kusa, ga makulli ga rumfa duk suna neman sulluɓewa. Ya yanke shawarar sauya inji gaba ɗaya. Tsohon injin kuwa yana bayan ƙafafun sa, dole sai an sauke san.

Ya sauke shi da lallashi, ya watsar da tayoyi da jarkoki a gefen titi, ya tunkuɗo injin ya faɗo ƙasa tim. Don kada Ɗan Adda ya shiga gonar mutane, ya zarga masa ragowar igiyar guga a ƙirji da kafaɗa, ya ƙulle ta tamau a ƙarfen gaban motar. Ya sa dutse a bayan taya, don motar ba ta da burkin hannu. Gaban tayar bai sa komai ba, ya ce ai matacciyar mota ba ta zuwa gaba. Sannan ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi da sifana.

Sai ga wani tsoho tafe da amalanken jaki, an yi mata lodin harawa har sama, za shi kasuwa. Ya yi sallama ya wuce. Ƙamshin ya bugi hancin Ɗan Adda. Ya miƙa wuya, bai kai ba. Ya taka ɗaya, igiya ta ɗame a kafaɗarsa, daidai inda karkiya ta saba zama. Tsohon aiki ya motsa. Ya sunkuyar da kai, ya kafa kofato, ya ja.

Ilu na kwance yana neman wani kusa, sai ya ga gari ya waye masa. Sama ce tangaran, da shirwa tana shawagi.

Ya ɗaga kai. Ga amalanke a gaba, ga sa na bin ta, ga a-kori-kura na bin sa ba kowa ciki, ga farar mota a ƙarshe, Malam Jethro ya ɗago yana riƙe da sitiyari da hannu biyu.

"Tsaya! Kai, Ɗan Adda! Kawunka ne!"

Ya runtuma da gudu, silifa ɗaya ta tsinke. Da ƙyar ya kamo ƙofa ya faɗa ciki. Ya ɗaga ƙafa zai taka burki, sai ya tsaya. Maigatari fa suka nufa, kuma da matacciyar mota a baya. Ya janye ƙafar, ya gyara zama, ya fito da gwiwar hannu ta taga. Da suka shigo gari ya ga mutane sun fara taruwa, sai ya haɗa leɓe ya shiga yin kukan inji da baki, har da sauya giya.

Kasuwa ta watse ta biyo su. Masu raƙuma suka ja akala suka tsaya kallo, mata masu fura suka sauke ƙwarya, 'yan acaba suka jeru a gefe suna ta oda. Tsohon mai amalanke bai san abin da ke bayansa ba, ya ɗauka shi ake yi wa, yana ta ɗaga hannu yana amsa gaisuwa. A bakin kara ya tsaya. Ɗan Adda ya cusa kai cikin harawa, jerin gwano ya tsaya cak. Ilu ya ɗan ƙara kukan injin kaɗan, sannan ya murɗa makulli ya yi shiru.

Ya sauko da silifa ɗaya, ya doshi Alhaji Abdulbaƙi, wanda ke riƙe da ciki don dariya, hawaye na zuba.

"Ranka ya daɗe, ga matacciyar mota, har bakin kara."

"Biyu nake gani," in ji Alhaji.

"Ta gaban tawa ce, lafiyarta ƙalau. Sabuwar dabara ce ta tsimin mai."

Malam Jethro ya fito ya rufe ƙofa a hankali. "Alhaji, tawa ma lafiyarta ƙalau, kafin agaji ya iso."

Wani cikin taron ya buɗe tankin a-kori-kura ya zura kara. Ya fito da shi a bushe ƙamas, ya ɗaga sama kowa ya gani. Dariyar da aka yi har shanun cikin kara sai da suka firgita.

Sai taro ya dare. Adda ce. Ba ta kalli ƙaninta ba. Ta je ta shafa wuyan san, ta duba inda igiya ta goge shi, ta share masa kumfar baki da gefen mayafi. Dillalai suka yanyame ta, kowa na rantsuwa shi ya fara tayawa, don ba a taɓa ganin sa ya yi wa kansa talla irin wannan ba.

"Na fasa," ta ce. "Yaron da ya kawo kansa kasuwa, ya kawo kawunsa, ya kawo baƙo, ba na kai shi mahauta." Sannan ta miƙa tafin hannu gefe, har yanzu ba ta juyo ba. "Makulli."

"Adda, ai na kawo shi kafin azahar."

"Shi ya kawo ka. Makulli."

Ilu ya ajiye mata. Ya juya ga Alhaji da ragowar fata.

"Ni ba na saɓa alkawari," in ji Alhaji Abdulbaƙi yana share ido. "Na ce duk wanda ya jawo. Jama'a, wa ya jawo?"

Kasuwar Maigatari ta amsa da murya ɗaya.

In ka bi ta tashar Gumel yanzu, za ka ga wani jibgegen sa kwance a rumfar bakin ƙofa yana tuƙa. Lambar nan kuwa tana nan a jikin kwalbatoci, kuma tana aiki, don labari ya kai har Gagarawa da Sule Tankarkar. In waya ta yi ƙara Ilu ya ɗauka da muryar kamfani, sai a ce, "Kawu ne? Don Allah a turo mana yaron. Kai kuma kada ka taɓa komai."

Da yake san ba ya tafiya sai ya ga harawa a gabansa, Ilu ne ke ɗaukar damin a ka yana sassarfa, Ɗan Adda na biye, mota na biye da shi. Rannan sun wuce ta gaban teburin shayi, Ɗantala ya ɗaga ludayi ya ce, "Kawun sa, yaya kamfani?"

Ilu ya ɗago daga ƙarƙashin harawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Kana da ido," ya ce. "Dubi wa ke gaba."